504 ɗin Baba da jikka 450: in karɓa, in ja da su, ko in riƙe gawar in gyara?

Jikka 450. Abin da aka rubuta ke nan a ƙasan takardar da mutumin asirans ya turo gabana, ya ɗora bik a kai ya ce Malam sa hannu nan da nan, kuɗinka za su fito ba da jimawa ba. Wai kuɗin Peugeot 504 ɗin marigayi Baba ke nan, ƙirar 1979, motar da ni kaɗai na san abin da na zuba mata shekara biyu kafin wani kamiyon yashi ya afka mata ta baya a hanyar Mirya, ina tsaye gefen godoro ina amsa waya, Allah ya sa babu kowa a kujerar baya. Fenti sabo, inji an sauke an gyara, kujeru an sake musu fata, kuma kuɗin gyaran da toliye ya lissafa bayan hatsarin miliyan 1 da jikka 900 ne. Ban sa hannu ba ranar, ba don wayo ba, hannuna ne kawai ya ƙi.

Tun da maganar ta bazu a fadarmu ta Zango mutum uku sun same ni da irin wannan matsala, daga cikinsu ɗaya mai Mercedes W123, ɗaya mai tsohuwar Land Cruiser, shi ya sa na ce bari in rubuta hanyoyin da ke gaban mutum da abin da kowace za ta ci maka. Amma kafin nan akwai tambayar da in ba ka amsa ta ba duk sauran ɓata lokaci ne, wato ta wace ƙofa kake neman kuɗin nan?

Yawancinmu asirans ɗin da muke yanka wa mota shi ne na dole, wanda jandarma ke tambaya a bariya. Wannan ba ya biyan motarka ko dala, yana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne. To in kai ka yi laifi, ko ka faɗa rami kai kaɗai, kuma wannan kawai gare ka, rufe maganar ka nemi toliye. In wani ne ya buge ka kamar ni, kamfanin asirans ɗin shi wancan ne zai biya, kuma tsakaninka da su babu wata kwantara, hakkinka ya taso ne daga ɓarnar da mutuminsu ya yi maka, wannan ita ce ƙofa ta farko. Ƙofa ta biyu ita ce ta masu tu riski, wato asirans ɗin da ke biyan har ɓarnar motarka, waɗanda kamfaninsu ne zai biya su bisa abin da kwantara ta ce. Dokar da ke kan duka biyun ita ce Kod CIMA, dokar asirans, ba ta Nijar kaɗai ba ce, ƙasashe 14 ne suka haɗu a kanta, an sa hannu kan yarjejeniyar a Yawunde ranar 10 ga Yulin 1992, dokar ta fara aiki a Fabrairun 1995, kuma hedkwatar tana Libarbil a Gabon. Aya ta 31 ita ce suke fakewa da ita kullum: abin da za a biya ba zai wuce darajar abin ba a lokacin da hatsarin ya faru. Ka lura, daraja a lokacin hatsari aka ce, ba a ce darajar da ke cikin wani littafi ba. Duk rigimar nan a kan wannan kalma guda take.

Ga yadda aka samo jikka 450 ɗin. Ekspar ɗin kamfanin, mai kimanta ɓarna, ya zo garaji da hantsi, bai yi minti ashirin ba, ya zagaya motar sau biyu yana ɗaukar hoto da waya, ya leƙa lambar sasi, ya duba kartigiris ya ga shekara, ya girgiza kai. Bai buɗe kapo ba sai da makanisiyen namu ya ce ranka ya daɗe ka duba injin mana. A wajensu lissafin mai sauƙi ne, a ɗauki kuɗin mota, a rage mata tsufa shekara bayan shekara, kuma Argus, littafin farashin motocin hannu na Faransa da suke dogara da shi, ba a yi shi don motar shekara arba'in da ɗoriya ba, to sai a ba ta kuɗin ƙarfe da ɗan abin da ba a rasa ba. Sannan in kuɗin gyara ya wuce wannan daraja sai a rubuta cewa mota ta mutu, efab ce. Wannan kalma ta tsorata ni da farko, na zaci ana nufin ba ta gyaruwa. A'a. Sau da yawa ma'anarta kawai gyaran ya fi ƙarfin kuɗin da suka kimanta ta, mutuwar lissafi ce ba ta ƙarfe ba, kuma akwai bambanci babba tsakanin wannan da motar da ta ƙone ko ta lanƙwashe har ba a iya miƙe ta.

Hanya ta farko, ka karɓa ka tafi. Kada a raina ta. Babu kuɗin ekspar, babu zirga-zirga, babu kiran Yamai ana ce maka shef ya fita. Kuma bari in faɗi abin da masu son tsofaffin motoci ba su son ji, ba kowace tsohuwar mota ce ta tarihi ba. 504 ta fito a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma a Kaduna an ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, shi ya sa har yau tana nan birjik a tasha tana jigilar Magarya da Matamai. In taka irin wannan ce, inji na wata mota, ƙofa ta wata, ƙasa duk ta ci tsatsa, to jikka 450 ma an yi maka adalci, karɓi abinka. Abin da kawai zan ce, karanta kitans ɗin, wato takardar karɓar kuɗin, da kyau, domin akasari tana ɗauke da layin da ke cewa ka karɓi cikakken hakkinka ba ka bin kowa komai, kuma da zarar ka sa hannu a kan wannan, komawa baya sai dai addu'a. Ka kuma tambaya ko kuɗin ya haɗa da miƙa musu gawar motar ko a'a, mutane da yawa ba su tambaya sai sun ga an zo da mota za a ja ta.

Hanya ta biyu ita ce ka ja da kimar, kuma nan ne aikin yake. Matakin farko kyauta ne: nemi kwafin rahoton ekspar a rubuce, ka ajiye kwafin wasiƙarka da tambarinsu da kwanan wata a kai. Ni da na samu nawa na zauna da makanisiyen muka bi shi layi-layi, muka tarar an rubuta yanayin fenti matsakaici, tayoyi sun ci rabi, inji ba a ce komai a kansa ba. Fentin da bai shekara biyu ba, tayoyin da har gashinsu bai gama zubewa ba. Irin waɗannan kurakurai su ne makaminka, ba labarin cewa motar mahaifinka ce ba, wannan labarin na ba mutumin biro har idona ya kawo ruwa, ya ce Allah ya ji ƙan Alhaji, ya sake turo mini takardar.

Matsalarmu a nan Damagaram, wa ke karɓar faktir? Ka sayi fiston a Kano, ka sayi fenti a kasuwar Dole, ka biya toliye a hannu ana shan shayi, babu takarda ko guda. Ni ma haka na yi. Abin da ya cece ni hotuna ne da ke cikin waya da kwanan wata a jikinsu, tun ranar da aka sauke inji har ranar da aka fito da ita daga fenti, da saƙonnin WhatsApp tsakanina da mai kayan gyara inda ake ciniki, da rasit ɗin turin kuɗi guda huɗu da matata ta adana a cikin kwalla ban ma sani ba. Sai na bi makanisiyen da toliye da mai kujeru kowa ya rubuta takardar shaidar aikin da ya yi da abin da ya karɓa. Ba ta kai faktir ƙarfi ba amma ta fi baki. Sannan bizit teknik da ke kan aiki, ita ma tana nuna mota ce mai tafiya ba wadda kaji ke kwana ciki ba.

Wani abokina ya ce in bugo tallan motoci daga Faransa in kai musu. Na bugo, kuma in ka juya yuro zuwa sefa a kan kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya kai zai yi maka daɗi ƙwarai. Amma hattara, waɗanda ake sa wa kuɗi masu nauyi can su ne kupe da kabriyole masu ƙofa biyu, ba irin tamu mai ƙofa huɗu ba, kuma ekspar zai ce maka kasuwar Zinder ake magana ba ta Paris ba, kuma yana da gaskiya. Tambayar da ta fi ƙarfi ita ce, da nawa zan sayi irinta, mai irin lafiyarta, in kawo ta ƙofar gidana? Sai ka nemo talla biyu ko uku daga Yamai ko Kano ko Kwatano, ka ɗora kuɗin kawowa da na duwan in daga waje ce. Wannan lissafi ne da ba su iya yi masa dariya.

Daga nan sai ɗaukar naka ekspar, mai lasisi, ya yi nasa rahoton. Kai za ka biya shi, kuma in babu wanda ya san tsofaffin motoci kusa sai ka kira daga Yamai, kusan kilomita 900, kuɗin mota da masauki duk a kanka. Shi ya sa nake cewa kafin ka kira kowa ka yi lissafi a bayan ambulan: abin da suka ba ka, abin da kake ganin za ka iya tabbatarwa da takarda, ba abin da zuciyarka ke so ba, sai ka cire kuɗin ekspar. In ratar jikka 150 ce bar shi, kuɗin zai ƙare a hanya. In ta kai rabin miliyan ko fiye, to ya cancanta. Kuma a nan ƙofofin nan biyu suke rabuwa. Mai tu riski ya buɗe sharuɗɗan kwantararsa, galibi akwai wurin da aka ce in ekspar biyu suka saɓa sai su zaɓi na uku ya raba gardama, kowa ya biya nasa a raba kuɗin na ukun biyu. Ni da nake bin kamfanin wani ba ni da wannan, rahotona abin matsa lamba ne kawai, in sun ƙi sai alƙali ya naɗa nasa.

Mai W123 ɗin nan shi tu riski gare shi, ya zo yana tsalle wai ai miliyan 4 aka rubuta a kwantararsa. Da muka duba, darajar da shi ya faɗa da bakinsa ce aka rubuta, ba wadda aka yi ekspartiz aka amince da ita tun farko ba. Ta farko rufi ce kawai, ba za a wuce ta ba amma ana iya biyan ƙasa da ita in ekspar ya ce motar ba ta kai ba, ta biyun ita ce ke ɗaure kamfani sosai don nauyin kawo hujja ya koma kansu. Ga kuma faranshiz da za a cire, wato kason da kwantara ta bar a kanka. Akasin haka ma akwai tarko, wanda ya rage darajar motarsa don kuɗin asirans ya yi sauƙi, ya rubuta miliyan 1 alhali ta kai 2, in ya zo yana rantsuwa cewa ta kai 2 to aya ta 35 na jiransa, sai a biya shi daidai da kason da ya yanka wa asirans, wato ka ci gardama ka faɗi a lissafi.

Hanya ta uku ba kishiyar ta biyu ba ce, ana haɗa su, kuma ita ce nake ganin ta fi dacewa da mu: ka riƙe gawar, a cire kuɗinta daga abin da za a ba ka, ka gyara da kanka. Dalili, dabi ɗin, wato lissafin kuɗin gyaran da aka kai wa asirans, an yi shi ne da kuɗin sabbin kaya, alhali kayan 504 na hannu suna nan Kano kamar ƙasa, kuma toliyenmu na nan da guduma da wutar walda suna miƙe abin da Bature zai jefar. Gyaran da aka rubuta miliyan 1 da jikka 900 yana iya saukowa sosai in ba gaggawa kake ba. Kuma abin dariya, a nan rainin da ekspar ya yi wa motarka amfaninka ne, tunda ya ce ƙarfe ce to gawar ma ba zai sa mata kuɗi da yawa ba. Amma a duba ƙashin motar kafin a yi zumuɗi. Tsohuwar Land Cruiser jikinta daban sasinta daban, ana ɗaga jiki a gyara ko a sauya. 504 mai ƙofa huɗu da W123 kuwa jiki da ƙashi abu guda ne, in dukan ya kai inda ƙafafun baya suke kamawa, ko an miƙe za ta riƙa tafiya a karkace kamar kare tana cin taya, kuma wannan ba motar da za ka ɗauki iyali zuwa Tanut ba ce. Ni na sa an auna kusurwa zuwa kusurwa da igiya da mita a gabana, but ɗin ne ya shige amma ƙasan bai motsa ba. Kada kuma ka miƙa kartigiris ɗinka ga kowa in riƙewa za ka yi. Sannan ka ɗauke ta daga bakin titi da zarar an gama ekspartiz, tawa sati uku kawai ta yi a waje aka kwance fitilun gaba da tambarin zakin nan, kuma in damina ta same ta babu gilashin baya to tsatsa za ta ƙarasa abin da kamiyo ya fara.

Kotu ita ce ta huɗu, kuma ba zan daɗe a kanta ba don ban shiga ba. Akwai babbar kotu a nan Zinder har da ta ɗaukaka ƙara, ba sai an je Yamai ba, amma kuɗin aboka, kuɗin wisiye mai kai sammaci, kuɗin ekspar da alƙali zai naɗa wanda galibi mai ƙara ke fara ajiyewa, ga ɗage zama, ga motar da ba ka iya taɓawa tana ruɓewa don ita ce hujja. Don motar miliyan 10 wadda takardunta suka cika, eh. Don ratar jikka 600, a'a wallahi. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne lokaci. Sanar da kamfaninka hatsari cikin kwana 5 na aiki, sata kuwa awa 48. Ƙarar da ta taso daga kwantararka tana mutuwa bayan shekara 2, aya ta 28 ke nan, ta bin wanda ya buge ka kuwa shekara 5 daga ranar hatsari. Naɗa ekspar ko wasiƙar rakomande mai shaidar karɓa suna katse shekara biyun nan, amma zuwa biro kullum ana ba ka kujera ana cewa dosiye yana Yamai ba ya katse komai. Kafin kotu kuma akwai sashen da ke sa ido kan kamfanonin asirans a ma'aikatar kuɗi, ana rubuta musu koke, kuma wani lokaci ambaton cewa ka aika musu kwafi ya isa a tuna da dosiyenka.

Akwai wata hanyar da ba ta cikin doka amma kowa ya san ta, dattawa su zo da mai kamiyo a ce a yi sulhu. Sun zo mana bayan la'asar, Kawu ya ce ɗana abin duniya ne, ka karɓi abin da ya sawwaƙa, Hajiya ma ta ce kuɗin rigima ba ya albarka. Ban musa musu ba, na dai ce Kawu ai ba shi zai biya ba, kamfanin da yake ba kuɗi duk shekara ne, don irin wannan ranar ya yanka. Mai kamiyon kansa ya ji daɗi. In dai za ka karɓi wani abu a hannunsa, kada ka sa hannu a takardar yafewa, kuma kada ka bari a tashi daga wurin hatsari babu konsta, domin in babu takardar da ta nuna mai laifi duk abin da na rubuta a sama ba shi da wurin tsayawa.

Ni abin da na yi, na haɗa ta biyu da ta uku amma ban ɗauki ekspar da farko ba. Na rubuta wasiƙa shafi ɗaya, ban zagi kowa ba, na ce ban amince da kimar ba saboda kaza da kaza, na lissafa kurakurai uku na rahoton, na liƙa hotuna da shaidun masu gyara da talla uku, na faɗi adadin da nake nema da yadda na same shi, na ce ina son riƙe motar. Wata guda shiru, sai suka ƙara jikka 150. A nan ne na ɗauki ekspar, don ratar da ta rage ta ninka kuɗinsa sau da yawa, shi kuwa ya yi kusan awa biyu a garaji, ya shiga ƙarƙashinta, ya sa aka tada injin ya saurara. Bayan wata biyar da hatsari aka tsaya a miliyan 1 da jikka 150, aka cire jikka 150 na gawa, na cire kuɗin ekspar da na zirga-zirga daga aljihuna. Bai kai abin da na nema ba, kuma da motar haya ce nake ci da ita da wata biyar ɗin nan sun fi ƙarin da na samu tsada, da na karɓi tayi na biyu na wuce. Mai Land Cruiser na ce masa ya riƙe gawa ko nawa za a cire. Mai W123 yana jiran ekspar na uku.

Tawa tana wajen toliye yanzu, an miƙe but an shafa mata jan fenti na ƙasa, gilashin baya muke jira daga Kano, an turo guda makon jiya ya zo na birek ne, wato doguwar 504 mai ƙofa biyar, ba na mai ƙofa huɗu ba, an mayar.